Wa ya kalli Adolescence? Tausayin yaron nan ya hana ni sakat

Maman_Ilham ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah waɗanda suka kalli Adolescence ɗin nan na Netflix ku matso mu yi magana, wanda bai kalla ba kuma yana da niyya ya tsallake don zan fasa ƙwai. Fim ne na Ingila mai kashi huɗu kacal, ya fito a watan Maris 2025, labarin wani yaro Jamie ɗan shekara 13 da 'yan sanda suka ɓalle ƙofar gidansu da sassafe da bindigogi suka ɗauke shi daga kan gado bisa zargin ya kashe 'yar makarantarsu Katie da wuƙa. Ba irin fim ɗin da za a yi ta ja maka rai wai wa ya yi kisan ba ne, tun ƙarshen kashi na ɗaya aka kunna wa uban bidiyon kyamarar tsaro ya ga ɗansa da idonsa, alhali bai jima da tambayarsa ba yaron ya kalle shi ya ce wlh ba shi ba ne.

Abin da ke damuna shine tausayin yaron ne ya cika min zuciya, kuma na san shi ya yi kisan. Lokacin da suka shigo ɗakin fitsari ya yi a wando yana kiran babansa, a ofishin 'yan sanda za a ɗebi jininsa yana tsoron allura, to ni uwa ce ya za a yi in ga wannan ban karaya ba. Amma yarinyar fa? Ko kalma ɗaya ba ta furta ba a fim ɗin, ba a nuna mana uwarta ba, ba a nuna ubanta ba, duk hawayen da na zubar na gidan wanda ya yi kisa ne. Shin an yi wa yarinyar nan adalci kuwa? Sannan iyayen yaron, ni dai ban ga inda suka yi laifi ba, uban mai gyaran famfo ne yana fita neman halalinsa, ba duka ba yunwa, ga yayarsa Lisa nan a gida ɗaya suka tashi kuma ta fito da hankalinta. In irin wannan gidan zai iya fitar da mai kisa to wane gida ne ya tsira? Ina da namiji ɗan shekara 12 da ya matsa min sai an saya masa waya shi ya sa nake tambaya da gaske.

Abba_Kyamara ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni harkar ɗaukar hoto nake yi, a makarantar koyon fim ta nan Jos na yi karatu, bari in taɓa ta ɓangaren da na sani don yana da alaƙa da tambayarki ta farko. Kowane kashi a ɗauka ɗaya aka yi shi, tun daga kunna kyamara har kusan awa guda ba a yanke ba, Philip Barantini ne daraktan. Mutane suna ta yabon wannan a matsayin bajinta, kuma bajinta ce kam, a ƙarshen kashi na biyu kyamara ta bi yarinya daga makaranta aka maƙala ta a jikin na'ura mai tashi ta yi sama ta sauka can wajen ajiye motoci inda aka yi kisan, ga uban Jamie yana ajiye furanni, duk ba yanka. Wanda ya taɓa riƙe kyamara ya san mutum ɗaya ya yi tuntuɓe a minti na 50 to aiki ya koma farko.

Amma ki lura, in ba ka yanka to ba ka da damar komawa baya. A finafinanmu da tuni an sa farin haske an mayar da mu ranar da abin ya faru, an nuno Katie tana dariya da ƙawayenta, an sa kiɗan tausayi. Nan babu wannan hanyar, fim ɗin ya fara ne bayan ta mutu, don haka ba ta nan kuma ba za ta dawo ba, mai kallo ma ba zai same ta ba kamar yadda iyayenta ba za su same ta ba. Ni haka na fahimce shi. Kuma su kansu masu fim ɗin sun san da wannan ƙorafin, ki tuna 'yar sandar nan a kashi na biyu ta faɗa wa abokin aikinta cewa abin da ke ƙona mata rai kullum mai laifi ake tunawa a manta da wadda aka kashe. Sai ƙawarta Jade da ta rufe Ryan abokin Jamie da duka a filin makaranta, a fuskar yarinyar nan ne kaɗai muka ga girman rashin.

Kashi na uku kuwa wlh ban taɓa ganin yaro ya yi wasa haka ba, Owen Cooper sunansa, wannan ne aikinsa na farko kuma da kashi na ukun aka fara ɗauka. Ya ci kyautar Emmy, babbar lambar yabo ta shirye-shiryen talabijin a Amurka, a watan Satumba 2025 yana da shekara 15.

Malam_Sabo ya rubuta:

Hajiya Maman Ilham sannu da ƙoƙari, tambayarki ta biyu zan amsa don ni malamin sakandare ne kuma kashi na biyu kamar a harabarmu aka ɗauka, hayaniya, malamai sun gaji, yara kowa kansa na cikin waya. Abin da ya fi tsaya min shine wajen da ɗan sandan ke ta kallon kwament ɗin Instagram yana zaton Katie da Jamie abokai ne saboda ya ga 'yan hotunan zuciya da su wake da su ƙwaya, sai da ɗan cikinsa ya ja shi gefe ya ce baba kana ba da kanka, wannan ba gaisuwa ba ce zagi ne, cewa take yi babu macen da za ta taɓa kula shi. Babban jami'i mai bincike ya karanta rubutu baƙi da fari bai gane ba, sai yaro.

Wannan ni na gani da idona. Akwai wata ɗaliba da muke da ita, yarinya mai ƙoƙari kullum tana layin gaba, kawai sai ta koma can baya kusa da taga ta ja hijabi har kan hanci, ka yi tambaya ta san amsa amma ba za ta ɗaga hannu ba, in ta tashi za ta fita sai ka ji samarin aji suna wani tari na gangan suna buga tebur a hankali. Mu duk mun ɗauka rashin lafiya ce ko matsalar gida. Ashe hotonta ne ba ɗankwali wata ƙawa ta tura wa wani, shi kuma ya jefa a guruf ɗin WhatsApp na 'yan aji wanda babu malami ko ɗaya a ciki, suka yi ta yi masa rubutu suna mayarwa sitika. Ranar da muka karɓi wayar ɗaya daga cikinsu muka buɗe, mataimakiyar shugaban makaranta sai da ta zauna. Yaran da ke gaishe ka har ƙasa, wasu ma suna zuwa Islamiyya da yamma.

Don haka in kin ce iyayen Jamie ba su yi laifi ba, ni zan ce ba su yi mugunta ba amma sun yi sakaci, kuma su da bakinsu suka faɗa a kashi na huɗu. Sun saya masa kwamfuta, yana dawowa makaranta ya shige ɗaki ya rufe, uwar tana ganin fitila a kunne har tsakar dare, suka ce ai yana gida yana ɗaki me zai same shi. Ba wa yaro waya da data ka rufe masa ƙofa kamar ka kai shi kasuwar Terminus ne da tsakar dare ka ajiye ka dawo gida ka kwanta. A fim ɗin an ambaci Andrew Tate, wani da ya yi suna wajen zuga samari su raina mata a intanet, da wannan maganar banza da suke yaɗawa wai kashi 80 na mata kashi 20 na maza kawai suke so, kar ki ɗauka yaranmu ba su san shi ba, waɗanda ke jin Turanci sun sani, waɗanda ba sa ji kuma akwai masu yi musu irinta da Hausa a TikTok, mace ba ta son talaka, mace sai da wulaƙanci, kar ka yarda mace ta raina ka. Yaro ɗan JS3 da ko gemu bai fara ba yana maimaita min wannan a aji.

Dan_Gangare ya rubuta:

Ni fa gaskiya ban ga abin da ake ta zuzutawa ba, ku yi haƙuri. Na kalla, an iya ɗauka, yaron ya iya wasa, amma matsalar Turawa ce aka ɗauko ana so a jingina mana. Yaron da ke da ɗakinsa shi kaɗai da kwamfuta da gado mai laushi, mu a unguwarmu yara biyar ne a ɗaki ɗaya wace ƙofa za a rufe. Wanda ke kashe yara a Jos ba intanet ba ne, sara-suka ne da ƙwaya da ƙwacen waya, yaro ɗan shekara 14 da ba ya makaranta ba ya sana'a ya sha abin da ya sha ya ɗauki wuƙa saboda wani ya taka masa ƙafa a wajen biki, kowa a nan ya san gidan da aka yi zaman makoki saboda haka. Waɗannan wa ya yi musu fim, wa ya kawo musu likita ta zauna tana haɗa musu shayi tana tambayarsu ya suke ji?

Abu na biyu ni ban ji tausayinsa ba ko kaɗan. Ya karɓi wuƙa a hannun abokinsa, ya bi ta a baya da daddare, ya yi abin da ya yi, ya kwanta barci, ya yi wa ubansa rantsuwar ƙarya. Wannan ba yarinta ba ce ya san abin da yake yi. Duk da dai in za a faɗi gaskiya ita ma yarinyar ta tsokane shi, ba a yi wa namiji irin wannan tozarcin a bainar jama'a.

Barista_Zee ta rubuta:

Ɗan'uwa Dan_Gangare, maganarka ta sara-suka gaskiya ce kuma zan dawo kanta, amma jimlarka ta ƙarshe ba zan bari ta wuce ba don ita ce ainihin abin da fim ɗin ke magana a kai. Ka koma kashi na uku ka saurari yadda abin ya faro daga bakin Jamie da kansa. Hoton tsiraicin Katie ne wani yaro ya yaɗa a makaranta, kowa ya gani har da shi, aka yi ta yi mata dariya, shi kuma ya lissafa cewa yanzu darajarta ta faɗi ba ta da ƙarfi don haka za ta amince da shi, sai ya je ya nemi su fita. Ba don yana tausayinta ba, don ya ga ta yi rauni. Ta ƙi, ta yi masa ba'a. Yarinya ce ƙarama da aka riga aka tozarta a gaban duk makaranta, ta mayar da martani da baki, shi ya mayar da wuƙa, sannan mu zo mu ce ita ma ta tsokana? Wannan maganar ita nake ji a zaman sulhu kullum, me ta je yi, me ta ce masa, me ya sa ta ɗaga murya, har a manta wa ke kwance a asibiti.

Hajiya, kashi na uku ne amsar tausayinki. Wata bakwai bayan kisan, ɗaki ɗaya, shi da masaniyar halayyar ɗan Adam da za ta rubuta wa kotu rahoto. Ta kawo masa abin sha mai zafi da burodi, yana wasa yana tsokanarta kamar kowane ƙani, can sai ta taɓo maganar me yake ɗauka namiji ne, me yake ji game da mata, sai ya tashi ya tsaya a kanta yana daka mata tsawa, ya ga ta razana kuma ki duba fuskarsa, daɗi ya ji. Babbar mace mai digiri ya gwada ko zai iya tsorata ta. Daga baya har yana cewa ai yana da damar taɓa jikin Katie a daren amma bai taɓa ba don haka ya fi wasu, wato a ransa ya yi mata alfarma. Kuma wannan yaron dai shine a ƙarshe yake roƙon matar ta faɗa masa ko tana sonsa ko da kaɗan ne, ana jansa yana ihu. Duka biyun gaskiya ne a jikinsa, yaro ne mai ganin kansa mummuna wanda ba a so, kuma mai haɗari ne ga duk macen da ta ce masa a'a. Tausayinsa ba laifi ba ne in dai bai sa kin rage masa nauyin abin da ya yi ba.

A ɓangaren doka kuma, a Ingila daga shekara 10 ana iya tuhumar yaro da laifi shi ya sa kuka ga an bi da shi duk matakan, amma da lauya da kuma babba da ya zaɓa ya zauna kusa da shi, ya zaɓi babansa. A nan Arewa sashe na 50 na Penal Code ya ce ƙasa da shekara 7 babu laifi a kan yaro, tsakanin 7 da 12 sai an duba ko hankalinsa ya kai ya gane abin da ya aikata, ga kuma Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da ta tanadi kotun iyali ta kuma hana yanke wa yaro hukuncin kisa. A takarda ba mu da baya. A aikace gidajen gyaran hali na tarayya da aka daɗe da su uku ne, Kaduna da Ilorin da Abeokuta, ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, shi ya sa za ka shiga gidan yari ka tarar da yaro a tsakiyar manya an ƙara masa shekaru a takardar tuhuma. A nan na yarda da kai Dan_Gangare, yaran sara-suka ba wanda ke zama ya tambaye su komai. Amma da za a zauna da su, abin da za a ji bai yi nisa da na Jamie ba, an raina ni, an kalle ni, budurwata ta kula wani.

Baban_Sadiq ya rubuta:

Ni a matsayina na uba kashi na huɗu ne ya karya ni, kuma na ga ba wanda ya tsaya a kai sosai. Ranar da uban ya cika shekara 50, wata 13 bayan abin, an fesa wa motar aikinsa zagi da fenti, ya kwashi matarsa da 'yarsa za su sayo abin gogewa suna ƙoƙarin yin hira da dariya a hanya kamar ba komai, a shagon wani matashi ya gane shi ya matso yana raɗa masa wai yana goyon bayan ɗansa. Wannan ya fi zagin ciwo wlh. A hanyar dawowa yaron ya bugo waya daga inda ake tsare da shi ya ce zai amsa laifinsa a kotu, uban ya kasa cewa uffan.

Abin da nake so maza mu duba shine maganar ƙwallo. Jamie ya ba da labari babansa yana kai shi filin ƙwallo, bai iya ba, in ya yi kuskure sai uban ya kawar da kai don kunya. Bai zage shi ba bai doke shi ba, kawar da kai kawai, kuma yaron ya riƙe abin shekara da shekaru. Shi zane yake so. Uban kuma nasa uban da bel yake dukansa, ya yi alƙawarin ba zai taɓa yi wa 'ya'yansa haka ba kuma ya cika alƙawari, amma bai san me zai sa a gurbin dukan ba sai ya sa shiru da fita aiki tun safe har dare. Mu nawa ne haka? Ina da shago a Katako, in fita yara na barci in dawo in tambayi uwarsu ya yara ta ce lafiya, in ajiye kuɗin cefane da na makaranta in ji na sauke nauyi. Babana ma haka ya yi amma a lokacin akwai kawu akwai maƙwabci akwai malamin allo da duk suna ganina a waje, abin da nake yi a fili yake. Yanzu yaro yana zaune kusa da kai a tabarma ɗaya kuma ba ka san da wa yake magana ba, don haka Dan_Gangare ko yara biyar ne a ɗaki, waya ɗaya a ƙarƙashin bargo ta isa.

Maman_Ilham ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Barista kin warware min abin da ya cunkushe min. Malam Sabo to yanzu shawara, in hana wayar gaba ɗaya ne? Don na san in na hana zai ara a wajen abokai. Kuma na ji a 2025 firaministan Birtaniya Keir Starmer ya ce shi da 'ya'yansa suka kalla har aka ba makarantun sakandare damar nunawa kyauta, ya dace in kalla da nawa?

Malam_Sabo ya rubuta:

Hajiya a shekara 12 ni dai ban ba da shawarar ki kalla da shi ba, akwai ashar da maganganun batsa da yawa musamman kashi na uku, amma ki sa babansa ya kalla, shi ya fi buƙata. Waya kuma in don kira ne ki saya masa ƙarama mai maɓalli, in aikin makaranta ne ya yi da taki a falo kina zaune, kuma da daddare duk wayoyin gidan su kwana a ɗakinku a caji har da ta yayyensa don kar ya ga shi kaɗai aka ware. Ostireliya ma doka suka yi a 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 shiga soshiyal midiya, ba mu kaɗai ke fama ba. Sannan ki nemi sanin ko 'yan ajinsu suna da guruf, wa ya buɗe, su wa ke ciki, ki tambayi malamin ajinsu don sau da yawa shi ma bai sani ba. Zan kawo maganar a taron iyaye da malamai na wannan zangon, Barista in kina da lokaci ina so ki zo ki yi musu bayanin hukuncin yaɗa hoton yarinya don yawancin iyaye suna ɗauka wasan yara ne, zan turo miki saƙo ta inbos.